Taya Ɗaya Tana Juyawa

Bayan la'asar, idan an yi ruwa an ɗauke, Baba yakan fito daga gida ya buɗe ƙofar motata ya zauna a gaba, alhali ba inda za mu. Motar pikop ce tsohuwa mai jan ƙafa huɗu, wadda na saya bayan ta ga duniya a hannun mutum uku, don ɗaukar albasa da doya daga kasuwar Kejetia zuwa shaguna. A bakin kwalbatin ƙofar gidanmu na Zango take tsayawa, hancinta yana kallon bangon masallaci. Baba yakan ɗora sandarsa a cinya, ya zuba wa gilashi ido, sauran ruwan yana gangarowa a hankali, sai ya kama hanya. Da baki yake yin tafiyar. "Yanzu mun wuce Techiman," in ji shi. Can an jima, "Ga Kintampo nan, ka rage wuta, akwai gangara." Ni kuwa ina kujerar direba ina ɓare gyaɗa, makulli yana aljihuna. In na daɗe ban amsa ba sai ya ce ina gyangyaɗi a kan sitiyari, zan kashe shi a banza.

Ba mu taɓa isa ba. Mukan wuce Tamale, mu wuce Bolga, mu bar kwalta bayan Bawku mu hau jar ƙasa, sai ya yi shiru a wuri ɗaya kullum, wato fadamar da ke gaban ƙauyensu. Daga nan sai ya buɗe ƙofa ya ce lokacin alwala ya yi.

Na san labarin fadamar tun ban san kaina ba. Ina jariri aka aiko wa Baba, yana kasuwar shanu, cewa mahaifiyarsa tana kan gargara. Tsakiyar damina ce. Ya bi motar shanu da ke komawa arewa ba kaya, sannan ya samu wata ƙaramar mota da za ta shiga ƙauyuka. A fadamar nan ta kafe. Ya ce ya fito ya tsaya yana kallo, tayar baya ɗaya tana cikin laka tana ta juyawa tana watsa ruwa, ɗayar kuma tana kan ƙasa mai tauri ko motsi ba ta yi. Suka ɓata wuni suna tura ta, don direban yana ta cewa saura kaɗan. Da ya haƙura ya ƙarasa da ƙafa, sai ya tarar mutane suna dawowa daga makabarta suna karkaɗe hannu. Bai ga fuskarta ba, bai sami sallarta ba. Abin da ya fi tsaya masa a rai, in yana ba da labarin, ita ce tayar nan da ta zauna. Mutumin shanu ne, saboda haka yakan ce kamar shanun huɗa ne, ɗaya yana kashe kansa da ja, ɗayan ya kwanta yana tuƙa.

A ƙauyen mutum ɗaya ta rage masa, yayarsa, wadda muke ce wa Gwaggo. Ita ta raine shi. Duk burin Baba a ƙarshen rayuwarsa bai wuce ɗaya ba: ranar da za a kira shi a kan Gwaggo, ko rani ne ko damina, ya isa tana da rai. Ranar da na kawo motar gida, yaran unguwa suna shafa fitilu, mata suna ta sa albarka, shi durƙusawa ya yi da kyar ya leƙa ƙarƙashinta. Tsakanin tayoyin baya akwai wani ƙullutun ƙarfe mai ciki, wanda ke raba wa tayoyin ƙarfin inji. Masu gyara suna da sunansu na turanci, Baba kuwa tukunya ya ce masa, mu ma muka bi. Ya nuna ta da sanda ya ce, "Wannan ce munafukar."

Na ce, "Baba, wannan motar ƙafa huɗu take ja."

Ya ce, "Je ka tambayo masana, kar ka yi mini ƙaryar direbobi."

Muka je Magazin tare, unguwar masu gyaran mota, wurin wani mai gyara da kowa ke kira Masta. Mutumin Asante ne, gajere, mai furfura a gira, ya koyi Hausarsa a wurin direbobin shanu, don haka ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Ya ɗaga bayan motar, ya juya taya ɗaya da hannu, sai ɗayar ta juya ta koma baya. Ya ce haka aka gina tukunya tun asali, don in mota za ta sha kwana, tayar waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki, dole a bar kowacce ta yi gudunta. Aibinta ɗaya, ƙarfin yakan gudu wurin tayar da ta fi samun sauƙi. In ɗaya ta faɗa santsi, can zai tafi gaba ɗaya. Ko an sa giyar ƙafa huɗu, ana iya samun ɗaya a gaba ɗaya a baya suna juyawa a banza, mota tana nan inda take. Baba ya kalle ni, kallon da ya fi zagi.

Masta ya ce magani iri biyu ne a hannunsa. Akwai tukunya mai kulle, wadda da an taka wuta take haɗe tayoyin biyu su zama ɗaya, ko ɗaya tana sama ɗayar za ta ja. Akwai kuma mai sassauci, wadda ke da faifai a ciki masu riƙe juna, tana barin tayoyi su sha kwana lafiya, amma in ɗaya ta fara zamewa sai ta tura wani rabo na ƙarfin ga 'yar uwarta. Na tambaye shi irin wadda ake kullewa da maɓalli a buɗe in an ga dama, ya yi dariya ya ce sai an aiko da ita daga waje, kuma ɓerayen Zango za su cinye wayoyinta kafin mu kai Tamale.

"Alhaji," in ji shi, "wannan mota, taun ne ya ke aiki. Kullum kwalta, kullum kwana. Loka, mai kulle, ba ya son kwalta koraa, ko kaɗan. Zai ci taya, zai yi ƙara, in ruwa ya sauka zai jefa ɗuwawu. Ka ɗauki mai sassauci."

Baba ya ce, "Mai sassaucin nan, in taya ɗaya ta nutse sosai, za ta fid da ni?"

"Sau da yawa, zai fita."

"Mai kullen fa?"

"Wannan dai, sai in mota ya nutse duka."

Baba ya ce, "To ni ba 'sau da yawa' nake nema ba. Sau ɗaya nake nema."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni ne zan wuni a cikinta kwana ɗari uku da wani abu a shekara, ina kutsawa tsakanin motocin hayar da ake kira trotro da masu tura baro, saboda wata rana guda da ba wanda ya san zuwanta. Na faɗi haka a hanya, da ladabi daidai gwargwado. Baba ya ce in motata ce in yi yadda nake so, shi ai fasinja ne. Duk wanda ya tashi a gidan dattijo ya san ma'anar wannan magana. Aka sa mai kulle.

Wata uku na yi da ita, kuma wata ukun nan ban ga daɗi ba. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma da na karya sitiyari sai ta fara ƙas-ƙas-ƙas, in na taka wuta a tsakiyar kwana ta buga ƙau, kamar an jefi kwanon rufi da dutse. Tayoyi suna kuka a kan kwalta, masu talla suna tsalle suna zagina da yarensu na Twi. A shataletalen Kejetia wani ɗan sanda ya tsayar da ni ya ce wani abu ya karye a ƙarƙashi. Baba kuwa ƙarar daɗi take masa. In ta buga sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ji, duk biyun suna aiki."

A lungunmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ba. Wanda yake da mota mai buɗaɗɗen baya, shi ne mai ɗaukar makara. Ba a roƙonka, ba ka kuma jiran godiya, ƙofa kawai za a ƙwanƙwasa a ce wane ya rasu, sai ka sauke albasarka ka wanke bayan motar ka shimfiɗa tabarma. Wata safiya aka ƙwanƙwasa. Tsohuwa mai koko ce ta bakin lungu, wadda tun kafin a haife ni take zaune a wurin da tukunyarta da ludayinta. Aka yi mata salla a ƙofar masallaci, aka ɗora makara a baya, 'ya'yanta maza da maƙwabta suka zauna gefe da gefe suna riƙe da ita. Baba ya shiga gaba. An yi yayyafi da asuba, kwalta tana sheƙi.

Daga masallaci zuwa babban titi akwai wata matsattsiyar kwana mai ɗan tudu, dole sai an taka wuta ana cikin juyawa. Na lallaɓa iyakar lallaɓawa, amma ta buga. Bayan motar ya yi tsalle ya zame gefe, makara ta ja ta daki ƙarfe, mayafin da aka rufa ya zame har farin likkafani ya bayyana. Ta madubi na ga babban ɗanta ya kifa a kanta da hannu biyu, kamar mai tare yaro kar ya faɗo daga gado. Salatin da ake yi ya yanke. Ba wanda ya ce mini komai, har muka je muka dawo. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Da la'asar Baba ya fito ya zauna a motar kamar kullum, amma bai kama hanya ba. Ya daɗe yana kallon bakin lungu, inda bencinta yake jingine da bango. Sannan ya ce, "Matar nan shekara nawa tana zuba mini koko, ban taɓa ganin ta fantsalar da ɗigo ɗaya ba. Yau mun girgiza ta a gaban 'ya'yanta." Ya share ido da bakin rawani. "Gobe ka kai wa Masta ya cire. Ba zan sayi hanyata da mutuncin gawar mutane ba."

Na ji tausayinsa, kuma a ƙarƙashin tausayin na ji daɗi, don na huta. Wannan daɗin har yau ina jin kunyarsa.

Masta ya sa mai sassauci. Da zan tafi ya riƙe ƙofar motar ya ce, "Ka ji ni da kyau. Faifai na ciki, kowane kwana da ka sha yana cin shi kaɗan-kaɗan. Bayan damina biyu ka kawo in duba. In ya cinye, ba zai yi ƙara ba, ba zai gaya maka ba, zai koma kamar na da kawai." Ya ƙara da cewa in na kafe, in ɗan ja birkin hannu kaɗan, yana taimaka mata ta kama. Na ce yoo, na ji. Na kuma ji ɗin, a lokacin.

Shekarun da suka biyo baya, in na tuna su, kamar rana ɗaya ce doguwa mai yayyafi. Kejetia da safe, ƙanshin albasa da hayaƙin trotro, mata masu ɗaukar kaya suna ratsawa da tasoshi a ka. Dichemso da hantsi, in sauke doya a shagon wata hajiya mai yawan ƙorafi. Kwanar masallaci sau shida, sau bakwai a wuni. Motar tana juyawa sumul, kuma kowace shekara tana ƙara laushi. Na ɗauki limamin lungu a bayanta, na ɗauki tela, na ɗauki jarirai da ba su kai suna ba, ba wanda ya ƙara motsawa a makararsa. Har mutane suka riƙa cewa motata ba ta tada mai barci. Ni kuma ina hura hanci, ina cewa hannu ne. Laushin nan da nake alfahari da shi, faifan ne suke ƙarewa, ni kuwa na ɗauka mota ce ta saba da ni.

Damina biyu ta wuce, na ce bayan Salla. Bayan Salla aka shiga kakar doya. Sau biyu na kama hanyar Magazin aka kira ni ɗaukar kaya na juya. Mun je ƙauye da rani har sau biyu, fadama ta bushe ta tsattsage, muka wuce a kanta ko giyar ƙafa huɗu ban sa ba. Gwaggo idonta ya riga ya tafi, da hannu take gane mutane. Kowace tafiya Baba sai ya sa na tsaya a tsakiyar fadamar, ya fito ya dogara sanda ya nuna mini daidai inda tayar nan ta zauna. Wani lokaci yakan tambaye ni, "Tukunya fa?" In ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba, ba ka ji shiru ba?" Sai ya ce madalla.

A damina ta bakwai aka kira. Mun fito daga sallar asuba ke nan waya ta yi ƙara, aka ce Gwaggo ta daina cin abinci kwana uku, kuma sunan Baba kawai take kira. Ko koko ba mu sha ba muka tashi. Abin mamaki, mutumin da ya yi shekaru yana kiran sunayen garuruwan nan a mota tsayayya, ranar bai kira ko ɗaya ba. Techiman ta wuce, Kintampo ta wuce, dogayen itatuwa suka ƙare, sama ta buɗe, gero da dawa kore shar har iyakar gani. Carbi kawai yake ja. Sau biyu muka tsaya, don salla da mai.

Rana ta yi ja lokacin da muka iso fadamar. Ruwa ya kwanta a kanta, ciyawa ta fito ta cikinsa, farin balbela suna tsaye jefi-jefi. Can ƙetare ana hango rufin ƙauyen da hayaƙin girki. Na sa giyar ƙafa huɗu, na yi bisimilla, na shiga. Mun ci kusan rabi sai gefena ya nutse, motar ta karkata ta tsaya. Na taka wuta, inji ya yi kuka. Na ja birkin hannu kaɗan kamar yadda aka koya mini, na sake takawa. Na koma baya, na dawo gaba. Laka tana ta tashi ta gefena tana faɗowa a kan gilashi.

Baba ya buɗe ƙofarsa, ya riƙe ta, ya leƙa baya. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ta wajenka tana juyawa?"

Na ce, "Tana juyawa."

Ya ce, "Tawa tana zaune."

Na kashe inji. Sai kukan kwaɗi ya cika wurin. Ba kowa a kusa, waya kuma ba ta kamawa a kwarin. Baba ya tambaye ni, ba da faɗa ba, yaushe rabon da in kai wa Masta motar. Na zare makulli na sa a aljihu. Bai sake tambaya ba. Ya sunkuya ya fara cire takalmansa, ya haɗa su ya ajiye a kan kujera, sannan ya kama naɗe ƙafar wando. Mutumin da ya haura tamanin, wanda daga ɗaki zuwa masallaci sai ya huta sau ɗaya. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba.

Na zagaya ta gefensa, na juya masa baya na durƙusa a bakin ƙofar. Na ce, "Baba, hau."

Ya ce, "Kai, tashi, mutane za su gani."

Na ce, "Su gani."

Sai na ji hannuwansa a wuyana. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Na shiga ruwan, laka ta kama ni har gwiwa, wani wurin har cinya, takalmina ɗaya ya tafi ban neme shi ba. Sai na cire ƙafa ɗaya na dasa sannan in ciro ɗayar. Sandarsa tana gicciye a ƙirjina, numfashinsa yana kunnena. Da muka yi nisa sai na ji ya fara magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da yake yi a ƙofar gida bayan la'asar. "Yanzu mun wuce inda ta kafe," in ji shi. Can kuma, "Ga tsamiyar nan, ka bi ta dama, akwai rami." Karo na farko ke nan da na ji abin da ke gaban fadamar daga bakinsa.

Ban sauke shi ba sai a ƙofar ɗakinta. Mata suka ba da hanya. Gwaggo tana kwance a tabarma, ta zama 'yar mitsitsiya, amma ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka. Baba ya zauna a gefenta ya ce, "Yaya, ni ne." Ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, ta shafa gemu, ta bi kafaɗa, hannun ya gangara har ya sauka a kan ƙafarsa. Nan ta tsaya. Ta shafa tafin, ta shafa tsakanin yatsu.

Ta ce, "Ƙafarka a bushe. Wancan karon da laka har gwiwa ka shigo."

Baba ya juyo ya dube ni. Ina tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ruwan laka yana ɗiga daga rigata a kan daɓen mutane.

Ya ce, "Wancan karon ɗana yana goye a bayan uwarsa."

Ta kwana biyu tana riƙe da hannunsa, a rana ta uku da hantsi ta cika. Baba ne a sahun gaba. Motar kuwa tana can cikin fadama har lokacin, da takalmansa a kan kujera, sai da aka share makoki mutanen ƙauye suka fid da ita da shanun huɗa guda biyu.